Ba Sai An Shiga Daji Ba Kafin A Ɗauki Hoton Sama

A watan Maris na 2021 wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Finlan, J-P Metsavainio, ya fitar da hoto guda ɗaya wanda ya shafe shekara 12 yana haɗawa. Tun 2009 ya fara. Guntaye 234 ya ɗinke wuri guda, kuma idan aka tara lokacin da kyamararsa ta yi a buɗe tana kallon sama, ya kai awa 1,250. Hoton na farin zanen nan ne da ke ratsa sama da dare, wanda duk mai kwana a tsakar gida a ƙauye ya sani, wato galaksinmu Milki We, gungun taurarin da ranarmu take ɗaya daga cikinsu. Mutumin ba farfesa ba ne, babu kuma gwamnatin da ta ba shi kwangila. A garin Oulu yake zaune, can ƙuryar arewa, inda a lokacin zafinsu watanni ke wucewa dare bai yi duhun kirki ba.

Wurin zaman nasa shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Oulu tana kan digiri 65 arewa da ikwaita. Daga can, cibiyar galaksin, wadda take wajen burujin Aƙrabu da Ƙausu, ba ta leƙowa sama da ƙasa ko sau ɗaya a shekara. Mu kuwa a Kano, da muke kan digiri 12, tana hawa har kusan digiri 49, ta wuce rabin hanya zuwa tsakar ka. Haka abin yake, da ɗan bambanci, a Sakkwato da Damagaram da Maiduguri da Injamena. Saman arewa duka tana gabanmu, ta kudu kuma muna hangenta har kusan digiri 78. Masu wannan sha'awa daga Turai jirgi suke hawa zuwa Namibiya ko Chile don su ga sashen da mu yake ratsawa ta saman rufinmu kowace shekara, ba mu ko ɗaga kai.

Ra'ayina shi ne sassan fiziks na jami'o'inmu da kwalejojin ilimi, har da manyan makarantun sakandare, su ɗauki wannan aiki na ɗaukar hoton sama su sa shi cikin abin da ɗalibi zai yi da hannunsa. Abin da ya sa nake ganin zai yiwu a irin halin da muke ciki wani ɗan gilashi ne da faɗinsa bai wuce inci biyu ba, wanda ake kira filtar haidurojin.

Ga yadda take aiki. A cikin kowane atam goma da ke sararin samaniya, kusan tara haidurojin ne. Inda aka sami sababbin taurari masu tsananin zafi, haskensu yakan fizge ilektoron daga jikin atam ɗin gas ɗin da ke kewaye da su. Ilektoron ɗin yakan dawo, yana saukowa mataki-mataki, kuma duk sanda ya faɗo daga mataki na uku zuwa na biyu sai ya saki haske ja wur, mai tsawon zango ɗaya tak, nanomita 656.3. Ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, ko a ɗakin gwaji a Zariya ko a gajimaren gas da ke nisan tafiyar haske ta shekara dubu. Wani malamin lissafi na makarantar 'yan mata a Basel, Johann Balmer, shi ya gano ƙa'idar jerin waɗannan layuka a 1885, Niels Bohr kuma ya bayyana dalilinsu a 1913. Duk ɗalibin da ya karanta fiziks ya haddace wannan don jarrabawa. Na koyar da shi shekara da shekaru a kan allo, kuma na san mafi yawan waɗanda suka ci tambayar ba su taɓa ganin jan layin da idonsu ba.

Hasken da idon mutum ke gani yana tsakanin nanomita 400 da 700. Filtar tana toshe wannan duka, ta bar wata 'yar kafa mai faɗin nanomita 12, ko 7, ko ma 3, daidai inda jan hasken haidurojin yake. Wanda ya taɓa murɗa rediyo a gajeren zango da asuba yana neman tasha ɗaya cikin shuuu da hayaniyar wasu goma ya riga ya fahimci dabarar: tashar ba ta ƙara ƙarfi ba, sauran ne aka kawar. Fitilar titi mai ruwan ɗorawa tana fitar da haskenta a wajen nanomita 589, don haka ba ta da hanyar shiga. Farar fitilar sola da farin wata suna watsa nasu a ko'ina cikin zangon, abin da zai bi ta kafar nanomita 7 bai wuce kashi ɗaya cikin arba'in ba. Jan hasken gajimaren gas ɗin kuwa kusan dukkansa yake wucewa.

A Turai wannan sauƙi ne kawai, mutum ya huta da tuƙi zuwa bayan gari. A wurinmu magana ce ta rai. Littattafan wannan fanni duka nasiharsu ɗaya ce, ka nemi daji mai duhu nesa da fitilu. To, wane malami ne mai hankali zai kwashi 'ya'yan mutane da ƙarfe ɗayan dare ya nufi dajin Birnin Gwari ko na Rugu da kyamara? Ko a inda ake zaman lafiya, mutum tsaye cikin gona da wani abu mai ƙafa uku yana saita shi sama, sai ya yi wa 'yan sintiri dogon bayani. Da filtar haidurojin, saman dakin na ɗakin karatu ya isa, cikin katanga, maigadi na zaune a ƙofa, ko da wata ya kwana goma sha biyu.

Na yi wannan a saman benen wani abokina a cikin gari, da tsohuwar kyamarar Canon da lens mai milimita 135. Wahalar farko ita ce tauraron arewa. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka dole a ɗora kyamara a kan na'urar da ke bin taurari a hankali, ita kuma dole a saita ta da wannan tauraro. A Landan yana can sama sosai, a nan kuwa digiri 12 kacal yake daga ƙasa, wato ko dai yana bayan tankin ruwan maƙwabci ko yana cikin ƙurar da motoci suka tayar da yamma. Sai ka durƙusa, ka karkace wuya, sauro na cin idon sawunka. Wahala ta biyu ita ce saita gani, domin da zarar ka sa filtar, allon kyamara ya zama baƙi ƙirin, sai ka lalubo tauraro mafi haske ka murɗa har ya tsuke. Sannan ka buɗe kyamarar minti uku, ta rufe, ta sake buɗewa, haka har ka gaji. Idan janaretan gidan yana kan dakin ɗin, a kashe shi, don girgizarsa kaɗai ta isa ta mai da taurari 'yan sanduna.

Hoto ɗaya idan ka duba shi, ka ce asarar dare aka yi: duhu, 'yan ɗigo-ɗigo, da dusar da zafin sensa ke haifarwa. Aikin yana wajen tarawa. Akwai manhajoji na kyauta, irin su Siril da DeepSkyStacker, masu jera hotunan tauraro kan tauraro su fitar da matsakaicinsu. Dusar nan ba ta faɗa wa wuri ɗaya sau biyu, hasken gaskiya kuwa kullum yana inda yake. Hoto huɗu sun ninka tsabtar ɗaya sau biyu, hoto ɗari sun ninka ta sau goma. Darasin lissafin ƙididdiga ke nan sukutum, kuma yaro zai gan shi yana faruwa a gabansa. Da muka ja ma'aunin haske a kwamfuta, sai ga wani ƙaton baka ya fito a gefen taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar gungun taurarin Oriyon, faɗinsa ya kai na wata ashirin a jere. Shi ne bakan da Edward Barnard ya ɗauka a hoto a 1894, ake kiransa da sunansa har yau. Abokin nawa, wanda ya kwana yana yi mini tsiya, ya daɗe bai ce komai ba, can ya tambaya ko ni na zana shi.

A saman wannan baka akwai abin da ya fi shafarmu. Malamanmu masu lissafin taurarin noma suna ƙirga Haƙ'a cikin taurarin damina, tare da Han'a da Zira'a da sauransu. Haƙ'a 'yan taurari uku ne a kan Oriyon, kuma a daren hunturu suna bi kusan daidai ta tsakar kan mutumin Kano. Babban cikinsu yana zaune ne a tsakiyar wani zoben haidurojin da ya fi faɗin wata sau goma, mai nisan tafiyar haske ta fiye da shekara 1,000. Kakanninmu sun yi ƙarni suna duba wannan wuri don sanin lokacin shuka, zoben yana nan, ido ne ba ya kama shi. Can kudu kuma, a watannin Fabrairu da Maris, akwai gajimaren Gum, wanda wani masani ɗan Ostireliya, Colin Gum, ya sa cikin jerinsa na 1955. Faɗinsa wajen digiri 36 ne, yana hawa digiri 30 da wani abu a samanmu, kuma mutumin Oulu har abada ba zai gan shi daga gida ba.

Tambayar abokina tana da muhimmanci, musamman yanzu da kwamfuta ke ƙirƙiro hoton duk abin da aka ce ta ƙirƙiro. Idan ido bai gani ba, me ya sa za mu yarda? Amsa ita ce, ƙwayoyin idon da ke aiki cikin duhu kusan makafi ne a wajen ja mai zurfi, kuma ido ba ya tara haske, abin da ya shigo yanzu shi ke nan. Sensa tana tarawa na minti da awa. Hoton filtar haidurojin asalinsa baƙi da fari ne, ma'auni ne na yawan hasken da ya faɗo a kowane ɗigo, idan aka shafa masa ja an ba shi launinsa na ainihi ne. Inda ake buƙatar hattara shi ne hotunan da ake haɗa filta uku. Shahararren hoton nan na gajimaren Mikiya da na'urar Hubble ta ɗauka a 1995, a cikinsa an ba haidurojin kore, an ba salfa ja, an ba oksijin shuɗi, don a iya bambanta su. Babu laifi a nan muddin an faɗa. Ƙa'idar da zan sa wa ɗalibaina ita ce wadda masu fannin na kirki ke bi: ka rubuta filtar da ka yi amfani da ita, da yawan awanni, ka kuma ajiye ɗanyen hotunanka don mai shakka ya sake tarawa da kansa. Wanda ya saba da wannan tun yana aji biyu na jami'a, da wuya ya zama mai ƙirƙirar sakamakon bincike.

Wani zai ce, ana ta kai wa yake ta kaya, mutane na fama da tsadar masara kai kana maganar taurari. Ban raina wannan magana ba. Sai dai ɗaliban fiziks ɗin nan suna nan a azuzuwa ko mun so ko mun ƙi, ana biyan malamansu, ana ba su digiri, kuma da yawansu suna fita ba su taɓa ɗaukar ma'auni na gaske daga duniya ta gaske sun yi fama da shi ba. Cire dusa daga hoto, gyara karkatar gilashi, ɗinke guntaye su zama taswira, rubuta 'yar manhaja ta yi maka aikin, waɗannan su ne dabarun da ake karanta hoton tauraron ɗan Adam da su don a san inda gero ya yi kyau ko inda tafkin Chadi ya janye. Nijeriya ta kafa hukumar sararin samaniya tun 1999, ta harba tauraronta na farko a 2003, tana da cibiyar nazarin sama a Nsukka. Masu karanta irin waɗannan hotuna daga wani wuri za su fito.

Kada kuma a ɗauka wasa ne da ba ya haifar da komai. Manyan na'urorin hangen nesa wuri ƙanƙani suke kallo, abin da Hubble ke ɗauka a lokaci guda kusan kashi ɗaya cikin goma ne na faɗin wata, kuma masana layi suke bi kafin a ba su 'yan awanni. Abu mai faɗi, mai dishi-dishi, wanda sai an kwana ɗari ana tara haskensa, ya zama rabon masu ƙananan gilasai da haƙuri. A 2008 wani Ba'amurke mai sha'awar abin, Dave Jurasevich, ya gano wani kumfan gas zagayayye a cikin hotunansa na haidurojin na yankin Saiginas, wurin da aka sha ɗauka ba a lura ba. A Janairun 2023 wasu mutum uku daga Faransa da Jamus, Yann Sainty da Xavier Strottner da Marcel Drechsler, suka ba da sanarwar wani ƙaton bakan gas kusa da galaksin Andromeda, bayan tara hasken fiye da awa 100, wani kaso da filtar oksijin, 'yar'uwar ta haidurojin. Andromeda fa, wadda Abdurrahman al-Sufi ya rubuta labarinta tun wajen shekarar 964, kuma an sha juya na'urori masu yawa wajenta. A Amurka wasu abokai uku, David Mittelman da Dennis di Cicco da Sean Walker, suka ɗauri aniyar ɗaukar sama duka da filtar nanomita 3, fili fiye da 4,000, kowanne awa huɗu. Mittelman ya rasu a 2017, aikin bai tsaya ba. Su kansu masanan, taswirar haidurojin ta saman kudu da suka wallafa a 2001 daga Cerro Tololo a Chile, da lens irin na kyamarar hannu suka yi ta.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Tsohuwar kyamara, lens ɗaya, na'urar bin taurari da filta, jimillarsu ba ta kai kuɗin tsohuwar mota ba. Akwai ma 'yan na'urori irin Seestar S50, da ta fito a 2023 a kan kusan dala 500, mai yin komai da kanta ta turo maka hoto a waya. Ni ba ita zan saya wa ɗalibi ba, don abin da nake so ya koya shi ne ta ɓoye masa. Gara tsohuwar kyamarar, da sharaɗi ɗaya: masu ƙera ta sun sa wani gilashi a gaban sensa mai tare mafi yawan ja mai zurfi don fatar mutum ta fito daidai, sai an kwance an cire shi. Yaran da ke farke waya su mai da ita a kasuwar Farm Centre ba za su kasa koyon wannan ba. A dai sani, kyamarar da aka yi wa haka ta bar zuwa gidan biki, sai dai in ana son amarya ta fito jajawur. A kuma guji filtar nanomita 3 a kan lens mai buɗewa sosai, domin hasken da ke shigowa a karkace yakan kauce wa kafar, ta 7 ko ta 12 ta fi dacewa. Na'urar bin taurari ma ana iya ƙera ta da katako biyu da hinji da dogon kusa mai zare, kamar yadda George Haig na Sikotilan ya nuna a 1975. Murɗa ta da hannu tsawon dare azaba ce, amma sa mata ƙaramin inji aikin kammala karatu ne mai kyau ga ɗalibin injiniya.

Abin da ba ni da maganinsa shi ne yanayi. Lokacin da Oriyon ya fi kyau, Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi ta zuba mana. Jan haske yana ɗan ratsa ƙura fiye da shuɗi, amma ranar da hazo ya sauko sosai sai a naɗe kaya. Lokacin da cibiyar galaksi ke tsaye da daddare kuma damina ce, hadari ya rufe. A bazara sama takan buɗe, sai dai zafi yana ƙara wa sensa dusa. Abin da ya rage mana shi ne kaka, Oktoba da Nuwamba, sa'ad da ruwa ya wanke sama ƙura kuma ba ta iso ba, da darare ɗaiɗai bayan an ɗauke ruwan sama, da asubahin Maris da Afrilu. Ba su da yawa, amma sun fi na mutumin da rana ke hana shi dare wata da watanni.

Duhun ma ba zai dawwama ba. Taswirar gurɓatar sama da hasken fitilu da aka wallafa a 2016 ta nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin Milki We daga inda suke zaune, a Turai kashi 60 cikin ɗari, a Amurka ta Arewa kusan 80, kuma ta sa Chadi cikin ƙasashen da samansu ta fi tsabta. Ba abin alfahari ba ne gaba ɗaya, rashin lantarki ne ya ba mu rabin wannan duhun, kuma ba ni cikin masu son a bar unguwa ba fitila. Fitilun sola suna ta yawaita a titunanmu, madalla. Roƙona ga masu kafa su shi ne a sa musu hula su haska ƙasa inda ake tafiya, a daina watsa rabin hasken sama inda ba ya amfanin kowa.

Shugaban sashen da ya ga dama zai iya farawa a zangon karatu mai zuwa. Ya samo kaya saiti ɗaya, ya ware ɗalibai huɗu ko biyar da malami ɗaya mai jure rashin barci, ya sanar da masu tsaron makaranta tun da rana. A Oktoba su fara da yankin Saiginas bayan sallar isha, kafin ya gangara yamma, domin yana da haske kuma ba ya ba sabon shiga kunya. A Nuwamba su juya gabas su tara awa goma a kan zoben Haƙ'a, su gwada abin da suka samu da taswirar masana da ke intanet kyauta, su rubuta inda suka dace da inda suka saɓa. Gum sai Fabrairu, in hazo ya bari.